Saleh Mai Banda da Mutanen Sama

A shekarar 1930 ne layin dogo ya iso Nguru, kuma daga wannan shekara kifin kogin Gashua ya fara tafiya nesa. Kafin nan, abin da masunci ya kama, shi da maƙwabtansa ke cinye shi, in ya yi yawa a ɗora wa jaki zuwa kasuwannin kusa. Da jirgin ƙasa ya zo, sai aka wayi gari ana neman banda a Kano, ana nemanta har bakin teku. A daminar wannan shekara aka haifi Saleh, a wani gidan Badawa da ke daf da kogi, gidan da hayaƙin kifi ya riga ya rine zanansa tun kafin a haifi mahaifinsa.

Abu biyu Saleh ya koya yana yaro: banda da nutso. Banda aikin mahaifiyarsa ne, Meram, wadda daga baya kowa ke kira Kaka Meram. Nutso kuwa wajen mahaifinsa ya gada, ya kuma fi shi. Yakan nutse ya cire tarun da ya sarƙe a saiwa, ya daɗe a ƙasa har waɗanda ke gaɓa su fara kiran sunansa. Da mahaifinsa ya rasu, sai ya bar taru ya koma fatauci. Yakan cika kwanduna da bandar tarwaɗa, ya hau motar kaya zuwa Nguru, ya miƙa wa dillalan tasha, ya kwana biyu ko uku wajen fatomansa, wato mai masaukinsa, sannan ya komo. Ya auri Yakaka, suka sami 'ya guda mai suna Fanne. Bayanta an yi haihuwa biyu, ba su zauna ba. Saboda haka idon gidan duka a kan Fanne yake.

A Nguru ne Saleh ya haɗu da silima. Wani ɗan kasuwa farar fata, daga cikin Kwarori, ya kewaye wani fili kusa da tasha, inda a da ake tara gyaɗa, ya shafa wa bango ɗaya farar ƙasa, ya jera benci. Fim yakan zo daga Kano a jirgi, cikin gwangwanaye masu faɗi, ana haskawa bayan isha'i. Da yake kusan babu mai jin Turanci cikin 'yan kallo, sai aka ɗauki wani Babarbare mai suna Babakura, tsohon ɗan dakon tasha da ya taɓa zama a Ikko, yana tsayawa gefen bango da sanda yana fassara. Turancin Babakura bai kai na fim ba, amma bakinsa ya fi na fim.

Fim ɗin da ya kama zuciyar Saleh na mutanen sama ne. Ba a gama shi a zama ɗaya. Kashi-kashi yake zuwa, in an ƙare wani zubi a wannan shekara, baɗi sai ga wani da mutanen nan dai. Halittu ne daga wata tauraruwa, masu kan ƙarfe, ba su da ido, sai kunnuwa kamar faifai. Jirginsu kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya. Mai yaƙi da su wani Bature ne da Babakura ya laƙaba wa suna Mai Farar Riga, domin ko cikin taɓo ya faɗi, rigarsa fes take fitowa.

Saleh bai taɓa barin kashi ɗaya ya wuce shi da gangan ba. Yakan daidaita tafiyarsa da zuwan jirgi. In ya komo Gashua, masunta na gyaran taru a gindin tsamiya, shi yana ba su labari da hannu da ƙafa, har ya ɗora ƙwarya a ka ya yi tafiyar masu kan ƙarfe. Fanne takan bi shi a baya da ƙoƙo a nata kan.

Kaka Meram ba ta son wannan wasa. Takan ce, "Kai Saleh, gemu ya fito maka, kana yawo da ƙwarya a ka. Mutanen saman nan naka, suna sayen banda?"

"Iya, ba su cin kifi."

"To, me ya haɗa ka da su?"

Saleh ya san fim ɗin wasa ne, ko kuwa yana zaton ya sani. Sai dai akwai abin da ke damunsa a ɓoye. Majigin da hukuma ke kawowa Gashua tun yana saurayi bai taɓa nuna ƙarya ba: yadda ake feshin gyaɗa, yadda ake yi wa shanu allura, duk abubuwan da ido ya gani daga baya. A silimar Nguru ma, kafin a fara fim, sai an nuna labarin duniya. A waɗannan shekaru kuwa labarin duniya cike yake da Turawa suna harba dogayen ƙarafa sama, wuta na fita ta gindinsu.

Wata rana ya tare Babakura a bakin ƙofa.

"Babakura, don Allah gaya mini. Wancan ƙarfen da aka harba, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne mana, Babade. Na farko labari, na biyu wasa."

"Amma bango ɗaya ne, haske ɗaya."

"To, kwano ɗaya ake zuba maka tuwo da kunu, ka taɓa ruɗewa?"

"In mu mun iya zuwa wajensu, me zai hana su zuwa wajenmu?"

Babakura ya shinshina iska, ya ce, "Ƙaurin rigarka zai hana su. Shiga ka zauna, an kusa farawa."

Saleh ya yi dariya tare da shi, amma tambayar ba ta bar shi ba.

A ƙarshen daminar 1959 aka kawo kashin da ya fi kowanne tsoratarwa. Mutanen sama suka jawo wani baƙin faranti suka rufe rana da tsakar rana. Gari ya yi duhu, suka sauko. Da yake ba su gani, da kunne suke farauta, kuma yara suke nema. Duk gidan da aka yi ihu, nan suke dosa. Yaron da ya yi kuka, sai wani haske ya sauko ya ɗauke shi. Babakura ma a ranar ya rage barkwanci, ya sassauta murya yana cewa, "Ku ji, jama'a, mai shiru ne kaɗai zai tsira." Wata mata a fim ɗin ta buɗe wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ta zura ɗanta, ta rufe. Ƙafar ƙarfe ta taka murfin. A nan aka yanke, aka kunna fitilu.

Mako ya zagayo, Saleh ya jira ci gaban, bai zo ba. Aka ce ruwa ya ci wani wuri a kan dogo, jirgi ya makara. Kwandunansa sun ƙare, ga girbi ya gabato, dole ya komo gida da ƙafar nan ta ƙarfe tsaye a kan murfi cikin kansa. A wannan karon bai ba masunta labari ba. Yakaka ta lura yana yawan ɗaga kai sama, ta tambaye shi, ya ce hadari yake dubawa.

Ranar Juma'a ce. An idar da salla ke nan, mutane ba su watse ba, sai hasken rana ya fara canzawa. Babu hadari, babu gajimare, amma hasken ya yi ja-ja, ya yi rauni, kamar na fitilar da manta ya kusa ƙarewa. Zafin da ke dukan ƙeya ya janye. Wani ya leƙa cikin ruwan alwala da ya kwanta a ƙasa, ya ga rana an gutsure mata gefe, ya yi salati da ƙarfi. Liman ya ce kusufi ne, a daidaita sahu a yi sallarsa.

Saleh bai shiga sahu ba. Ya tsaya gefe yana duban sama. Abin da ya gani a bangon Nguru, ga shi yana faruwa a kan Gashua, daki-daki. Sai kuma ya ji abin da ya fi duhun tayar masa da hankali. Al'adar garin ce, in rana ko wata ya yi zazzaɓi, mata da yara su fito su yi ta kiɗan duk abin da ke ƙara, ana roƙon Allah ya sake shi. Daga kowace unguwa aka fara: turmi, tasa, garwa, ƙwarya a kife cikin ruwa. Garin duka yana kiran abin da ke farauta da kunne.

Ya bar takalmansa a ƙofar masallaci ya sheƙa. Yana gudu yana ɗaga hannu yana cewa, "Ku yi shiru! Don Allah ku yi shiru!" Babu wanda ya ji shi. Kaji na komawa akurki, jemagu sun taso daga tsamiya. A ƙofar gidansu ya tarar da mata sun yi da'ira, Kaka Meram na tsakiya tana dukan turmi, Yakaka na riƙe da tasa. Fanne tana can gefe da gwangwani da ɗan itace, tana bugawa da iyakar ƙarfinta, tana dariya, domin a wurinta biki ne.

Ya sure ta ta baya, gwangwanin ya faɗi. Ba wanda ya lura, idon kowa na sama.

A bayan ɗakin Kaka Meram akwai ramin hatsi. Mutanen wannan yanki ba duka geronsu suke zubawa a rumbu ba. Sukan haƙa rami mai ƙaramin baki da faɗin ciki kamar tulu, su shimfiɗa ƙaiƙayi da zana, su zuba hatsi, su rufe da katako, su bi da ƙasa. Rami yana da doka guda wadda kowane yaro ya sani: ba a buɗe shi a shiga nan take. Hatsin da ya daɗe a rufe yakan cinye iskar da ke ciki, ya bar wata mai kashe mutum ba tare da wari ba. Sai a bar shi a buɗe ya sha iska tun safe, sannan a zura fitila da igiya. In harshenta ya rayu, mutum ya shiga. Saleh da kansa ya sha zura fitilar nan. Ramin gidansu kuwa tun farkon damina ba a taɓa shi ba, sauran geron bara na can ƙasa cikin laima.

Duk wannan bai zo masa a rai ba. Abin da ke gabansa shi ne matar nan ta fim da ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa. Ya tone ƙasar da hannu, ya ɗaga katakon, ya ɗauko igiyar guga ya ɗaura wa Fanne a ƙarƙashin hammata.

"Baba, duhu ne ciki."

"Na sani, uwata. Ɗan lokaci kaɗan ne. Masu kan ƙarfe sun zo. Ki zauna, kada ki yi kuka, kada ki yi magana."

"Na gaske?"

"Na gaske."

Ya zura ta a hankali har igiyar ta yi sako-sako, ya jefa sauranta ciki don kada a ga alama, ya mayar da katakon. Ya ɗauko mashin kifin mahaifinsa ya zauna a kan murfin, ya kafa wa sama ido. Duhu ya ƙaru. Iska mai sanyi ta taso daga kogi. Rana ta koma siririyar lauje.

"Baba," ya ji daga ƙasa, muryar kamar daga cikin randa. "Baba, kaina."

"Shiru, Fanne. Shiru."

Ta sake kira sau ɗaya, a hankali. Daga nan ba ta ƙara ba. Saleh ya sauke ajiyar zuciya, ya gode wa Allah da ya ba shi 'ya mai jin magana.

Taɓaryar Kaka Meram ce ta tsage, ta shigo gida neman wata. Ta gan shi zaune a ƙasa da mashi, ba hula, ba takalmi, ga sabuwar ƙasa a tone kewaye da shi.

"Kai kuma me kake yi nan, maza na masallaci? Ina Fanne? Uwarta na nemanta."

"Iya, rage murya. Na ɓoye ta. Ta yi shiru, ba za su ji ta ba."

Tsohuwar ta dubi ƙasar, ta dubi katakon da yake zaune a kai. Taɓaryar ta sulale daga hannunta.

"Saleh. Ka zura fitila?"

Tambayar ta shige shi kamar ruwan sanyi. Shirun da yake gode wa Allah a kansa, sai yanzu ya gane ko wane irin shiru ne.

Ya yi jifa da mashin, ya fizge katakon. "Fanne! Fanne!" Babu amsa, kuma ba a ganin komai, domin sama ma duhu ce. Igiyar da zai jawo ta da ita, shi da hannunsa ya jefa ta ciki. Kaka Meram ta ƙwala ihun da ya keta kiɗan unguwa. Yakaka ta shigo da gudu, maƙwabciyarsu Sabuwa na biye da ita. Namiji ko ɗaya babu, duk suna sahu.

Saleh ya zura ƙafa zai diro, mahaifiyarsa ta damƙe wuyan rigarsa.

"Gawa biyu kake so in fitar? Sabuwa, kwanto igiyar jaki! Kai kuma ka saurare ni. Ruwa ne a ƙasan nan. Ka ji? Ka ɗauke shi ruwa ne. In ka ja numfashi ɗaya a ciki, kun tafi ku biyu."

Suka ɗaura masa igiya a ƙugu, suka zagaya ta a jikin turke, matan uku suka riƙe. Yakaka ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube shi ba. Saleh ya cika ƙirjinsa kamar yadda yake yi a gaɓar kogi, ya rufe baki, ya shiga da kai.

Ciki ɗumi ne, ga laima. Ya lalubi gero, ya lalubi zana, bai same ta ba. Ramin ya fi yadda ya sani faɗi. Ƙirjinsa ya fara neman iska, kuma abin da ya sa wannan nutso ya fi na kogi wuya shi ne babu ruwan da zai hana shi buɗe baki. Iska ce a fuskarsa, tana kiransa ya shaƙa. Yatsunsa suka taɓa igiyar guga, ya bi ta, ya kai ga 'yar ƙaramar dunduniya. Ta rarrafa ne zuwa jikin bango ta kife. Ya rungume ta, ya girgiza igiyarsa.

Yadda mata uku suka jawo ƙato da yarinya ta wannan ƙaramin baki, su kansu ba su iya bayyanawa ba daga baya. Tafin hannun Sabuwa ya saɓule. Suka shimfiɗe Fanne a tsakar gida, jikinta ya saki, leɓɓanta sun yi baƙi. Kaka Meram ta kwance mata igiya, ta yayyafa mata ruwa, ta danna ƙirjinta, ta hura mata iska a baki, tana kiran sunanta tana haɗawa da salati. Yakaka na fifita da faifai. Saleh yana durƙushe, ya kasa taɓa ta.

Gefen rana ya ɓullo. Haske ya dawo kan zana, zakara ya yi cara kamar asuba ce. Gari ya ɗauki guɗa da kabbara, rana ta kuɓuta. Babu jirgin da ya sauko, babu ƙafar ƙarfe. Cikin wannan guɗa ne Fanne ta ja wani numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta amayar da abin da ke cikinta, ta fashe da kuka.

"Yi da ƙarfi," in ji Kaka Meram. "Yi, duk garin ya ji."

Kafin magariba Saleh ya kwashe sauran geron, bayan an zura fitila, ya cike ramin da yashi shi kaɗai. Yakaka ta ɗauki 'yarta ta tafi gidan iyayenta, sai bayan girbi manya suka sa baki ta komo. Fanne ta yi kwanaki tana ciwon kai, ta warke.

Da ya koma Nguru da banda, Babakura ya hango shi a tasha ya taso.

"Babade! Ina ka shiga? Ci gaban ya zo, an haska, an mayar. Kai da ba ka fashi! Zauna in ba ka, kyauta."

"Abu ɗaya kawai zan tambaye ka. Yaron da aka sa a rami, ya fito?"

"Ya fito mana. Mai Farar Riga ya ɗaga murfi, yaro ya fito da gudu yana dariya."

"Ba su zura fitila ba?"

"Fitilar me?"

Saleh ya gyara kwando a kafaɗa, ya ce, "Ashe ba su taɓa buɗe rami ba." Ya wuce wajen dillalai.

Bai sake shiga silima ba, ko da yake ya ci gaba da kwana a unguwar da ake jin ƙararta. Masunta sun daɗe suna tsokanarsa da Saleh na Sama, yana amsawa ba tare da fushi ba. Ya yi fataucin banda har ƙarfinsa ya ƙare, ya sauke farali, ya rasu da tsufansa a gidan da aka haife shi.

Filin silimar nan na Nguru yanzu shagunan hatsi ne. A gidan Gashua, inda ramin yake, Saleh ya dasa darbejiya, tana nan ta yi girma. Fanne kuwa, Hajja Fanne ake ce mata yau, tana zaune a Gashua tare da jikokinta, kuma har yanzu ba ta kwana a ɗakin da aka rufe ƙofarsa.